Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Riƙe da Makullan Masallatai

Zuwa ga iyayenmu shugabannin kwamitocin masallatai, da malamanmu limamai da na'ibai, da 'ya'ya da jikokin bayin Allah da suka ba da filaye ko suka gina masallatai,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan wannan takarda za ta same ku cikin ƙoshin lafiya, mai rubuta muku ɗaya ne daga cikin mamu, wanda bai taɓa riƙe muƙami a masallaci ba, ba ya kuma neman riƙewa. Na zaɓi in yi wannan magana a fili domin abin da zan faɗa an daɗe ana faɗinsa a bayan idonku, a wurin alwala da bakin ƙofa lokacin da kowa yake neman takalminsa, sai dai da zarar an hango ɗayanku yana tahowa sai a sauya zance. A ganina kun fi cancantar a faɗa muku shi ido da ido, tunda gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Ba zan fara ba sai na amsa cewa da yawanku kuna ɗauke da nauyin da ba mu gani. Ku ne kuke tashi da duhun asuba ku buɗe ƙofa, ku ne ake bugo wa waya idan rufi ya yi yoyo ko lasifika ta lalace, kuma sau da yawa daga aljihunku ake cike giɓin da asusu ya kasa cikewa. Iyayen wasunku sun ba da fili a lokacin da su kansu suke da buƙatarsa. Allah Ya saka da alheri, Ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu. Wanda ya raina wannan hidima bai yi adalci ba, kuma ba da shi nake tafiya ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda wannan hidima take rikiɗewa, sannu a hankali, ta koma mallaka. Ana farawa ne da cewa gidan wane ne suka gina, sai a wayi gari shugaban kwamiti daga gidan yake, ma'aji ƙaninsa ne, sakatare surukinsa ne, limanci kuma an riga an san ɗan da ake tanadar wa tun yana makaranta. A wani wurin kuma iyakar ta fi gida faɗi, ta kai ga ƙabila ko harshe: waɗanda suka fara zama a wurin suna ganin masallacin nasu ne, kowa ban da su yana sallah ne da izininsu. Mutum zai yi shekara talatin yana tsayawa a sahun farko, ya aurar da 'ya'yansa a wurin, ya sallaci gawarwakin maƙwabtansa a harabar, amma ranar da aka zo naɗa kwamiti sai a tuna masa cewa shi baƙo ne. Ba a taɓa mayar masa da gudummawarsa ranar da ake zuba dakali ba saboda baƙuntarsa. Ra'ayinsa kaɗai ne baƙo.

Na ga wannan da idona a wani masallaci da na yi shekaru ina sallah a cikinsa. Limaminmu dattijo ne mai daɗin sha'ani, kuma da tsufa ya kama shi sai wani malami mahaddaci, wanda harshen gidansu daban yake da na masu masallacin, ya riƙa jan mu sallar asham da tahajjudi da yawancin salloli biyar, ba a biya ba, ba a kuma yi ƙorafi a kansa ba. Da Allah Ya yi wa liman rasuwa, sai aka yi zama a gidan iyalan da suka gina masallacin, ba a kira kowa daga cikin mamu ba, washegari bayan magariba aka sanar da mu cewa an naɗa ɗan marigayin. Yaron mutumin kirki ne, amma shi da kansa ya san bai kama ƙafar malamin nan ba a karatu, har ana ganin nauyin abin a fuskarsa. Kafin azumi ya zagayo jama'a ta rabu biyu, aka kafa wani masallaci a tazarar da ake jin iƙamar wannan a cikin wancan. Har yau idan limaman biyu suka tayar da sallah lokaci guda, akwai waɗanda suke yin ruku'u da kabbarar da ba ta limaminsu ba. Kowane ɓangare yana da hujjar da yake faɗa, kuma duk wanda ya zauna da su zai gane cewa babu ayar da ta raba su, babu mas'alar fiƙihu. Makulli ne da asusu da tambayar wa zai tsaya a gaba.

Wannan ciwo ba a zamaninmu ya fara ba, kuma sanin haka yana rage ɗacin zargi. Lokacin da Ƙuraishawa suka sake gina Ka'aba, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana ɗan shekara 35, sun yi aikin lafiya ƙalau, kowane gida da sashensa, har aka iso wurin ɗora Hajarul Aswad. Nan ne aiki ya tsaya cik na kwana huɗu ko biyar, domin kowane gida yana son ɗaukakar ta zama tasa, har Banu Abdid Dar suka kawo akushi cike da jini suka tsoma hannuwa a ciki suna alƙawarin mutuwa a kan haka. Dattijon cikinsu, Abu Umayya ɗan Mugira, shi ya kawo shawarar a bar hukunci ga wanda ya fara shigowa. Kun san ƙarshen labarin: Manzon Allah ne ya fara shigowa, ya sa aka shimfiɗa mayafi, aka ɗora dutsen, kowane gida ya kama gefe. Abin da nake so ku lura da shi a nan shi ne, bai gaya musu cewa son girman gidansu shirme ne ba, bai kuma zaɓi gida ɗaya ya ba shi ba. Ya samar da tsarin da kowa ya ga hannunsa a ciki. Kwamitin da zai yi koyi da wannan bai buƙatar ya wulaƙanta masu ginin, buƙatarsa kawai mayafin ya yi faɗin da zai isa kowa ya kama.

A Madina ma haka aka tarar. Ausu da Khazraj sun fito daga yaƙin Bu'as ba da daɗewa ba, raunukan ba su warke ba, har Ibnu Ishaƙ ya ruwaito cewa Mus'ab ɗan Umair ne yake yi musu limanci kafin Hijira saboda kowane ɓangare yana ƙin ɗaya ɓangaren ya ja shi sallah. Mutanen da Allah Ya kira Ansar ke nan, a farkon al'amarinsu. Tarbiyya ce ta cire musu wannan, kuma ba ta cire shi a rana ɗaya ba, domin ko bayan haka, a wata tafiyar yaƙi, wani ya yi kiran Ansar wani ya yi kiran Muhajirai a kan faɗan mutum biyu, sai Annabi ya ce wannan wane irin kiran jahiliyya ne, ku bar shi domin abu ne mai wari. Sunayen nan biyu Alƙur'ani ne ya yaba su, amma da aka ɗaga su don a ja daga sai suka zama abin ƙyama. Ina kuma ga sunan gida ko na ƙabila idan aka ɗaga shi a cikin mihrabi?

Ku dubi kuma yadda aka samu filin masallacinsa mai alfarma. Wurin shanyar dabino ne na marayu biyu, Sahal da Suhail, daga Banu Najjar, kuma a ruwayar Bukhari sun so su ba shi kyauta amma ya ƙi karɓa sai da ya saya. Malamai sun fi ni sanin hikimomin da ke cikin haka. Abin da ni dai na gani shi ne, bayan wannan babu gidan da ya taɓa tasowa ya ce shi ke da ikon naɗa ladan ko liman a wurin saboda filin kakanninsa ne. Ladanin da aka fara naɗawa Bilal ne, mutumin Habasha.

Hukuncin waƙafi a bayyane yake tun daga filin da Umar ɗan Khaɗɗabi ya samu a Khaibar ya zo neman shawara a kansa: ba a sayar da shi, ba a kyautar da shi, ba a gadonsa. Malaman mazhabobi sun yi saɓani a kan rassa da dama na waƙafi, amma a kan masallaci maganarsu ta haɗu cewa da zarar mai shi ya keɓe shi ya buɗe wa jama'a ƙofa, to ba ya cikin abin da magada suke rabawa. Ayar Suratul Jinni ta faɗe shi a taƙaice, cewa masallatai na Allah ne. Saboda haka, ya ku 'ya'yan masu waƙafi, abin da mahaifinku ya bar muku a wannan gini shi ne ladan da yake gudana zuwa kabarinsa, da haƙƙin jama'a ta riƙa yi masa addu'a tana kuma ganin girmanku. Duk lokacin da rigimar shugabanci ta kori mutum ɗaya daga sahu, daga ladan nan aka rage, kuma da za a tambaye shi a inda yake kwance, ba na zaton zai zaɓi kujerar ɗansa a kan cikar sahu.

Na san amsar da wasunku za su bayar, kuma amsa ce mai nauyi, don haka ba zan tsallake ta ba. Za ku ce ai makullin Ka'aba da kansa gado ne: ranar da aka buɗe Makka, a shekara ta 8 bayan Hijira, Annabi ya mayar wa Usman ɗan Ɗalha makullin, kuma har yau yana hannun Banu Shaiba. Za ku ƙara da cewa Umar ya sa 'yarsa Hafsa ta kula da waƙafinsa a bayansa, kuma Imam Bukhari ya ƙulla babi a kan halaccin a ce masallacin Banu wane, yana kafa hujja da masallacin Banu Zuraiƙ. Duk wannan gaskiya ne. Shari'a ba ta hana mai waƙafi ya sharɗanta cewa wani daga zuriyarsa ya kula da abin da ya bayar ba, ba ta kuma hana a kira masallaci da sunan waɗanda suka gina shi ba. Sai dai makullin Banu Shaiba Annabi ne da kansa ya ba su, babu wani gida a yau da yake da irin wannan takarda, kuma abin da aka ba su hidimar ƙofa ce: ba su ne suke yin limancin Harami ba, ba su kuma da ikon hana wata ƙabila ɗawafi. Ayar da malaman tafsiri da yawa suka ce ta sauka a kan wannan makulli, ta 58 a Suratun Nisa'i, da sunan amana ta kira shi, a cikinta kuma aka yi umarni da yin hukunci da adalci tsakanin mutane. Mai kula da waƙafi wakili ne, kuma malaman fiƙihu sun bayyana cewa alƙali yana iya cire shi idan ya ci amana ko ya kasa, ko da ɗan mai waƙafin ne na cikinsa. Sunan da ke jikin bango kuwa don a gane wurin ne idan ana kwatance.

A kan limanci maganar ta ma fi fitowa fili, domin an ba mu ma'auni a hadisin Abu Mas'ud da Muslim ya ruwaito: wanda ya fi karatun Littafin Allah, sannan wanda ya fi sanin sunna, sannan wanda ya riga yin hijira, sannan wanda ya fi shekaru. Malikawa da Shafi'awa sun gabatar da wanda ya fi fiƙihu a kan wanda ya fi karatu, kuma gaskiya ne littattafai irin su Mukhtasar na Shehu Khalil sun ambaci nasaba a cikin jerin, amma can ƙasa take, bayan fiƙihu da hadisi da ƙira'a da ibada da daɗewa a Musulunci, wato ana komawa gare ta ne idan mutum biyu suka yi kunnen doki a duk waɗannan. Mu kuwa mun ɗauko ta daga ƙasa mun ɗora a sama, sauran sharuɗɗan sai a ce zai koya a hankali. Muhajiran farko da suka sauka a Ƙuba kafin isowar Annabi, Salim maulan Abu Huzaifa ne yake jan su sallah, 'yantaccen bawa ne mai asali daga Farisa, kuma Umar yana cikin mamunsa. Shekaru bayan haka, Umar yana halifa, ya haɗu da gwamnansa na Makka, Nafi'u ɗan Abdul Haris, a Usfan, ya tambaye shi wa ya bar wa mutanen Makka. Da ya ji cewa Ibnu Abza ne, wani daga 'yantattun bayi, sai ya yi mamaki, gwamnan ya ce masa ai makarancin Alƙur'ani ne masanin rabon gado, nan take Umar ya tuna da faɗin Annabi cewa Allah Yana ɗaukaka wasu mutane da wannan Littafi Yana kuma ƙasƙantar da wasu da shi. Garin Ƙuraishawa ke nan, masu ji da nasaba fiye da kowa.

Kada a fahimce ni da cewa ɗan liman ba zai zama liman ba. Sau da yawa shi ne ya fi cancanta, domin a cikin karatu ya tashi, kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Abin da nake nema shi ne a auna shi da mudun da za a auna kowa, a gaban malamai da ba 'yan gidan ba. Idan ya ci, ya ci da mutuncinsa, ba mai yi masa kallon ɗan alfarma. Naɗa shi a ɓoye zalunci ne gare shi kafin kowa, domin an ɗora shi gaban mutanen da zukatansu ba su natsu da shi ba, alhali akwai gargaɗi a hadisi ga wanda yake limancin mutane suna ƙinsa.

Batun harshe yana buƙatar a yi masa adalci na daban. Mutanen da suka yi ƙaura zuwa wata ƙasa ko wani gari suna da haƙƙin su ji huɗuba da wa'azi da harshen da suke fahimta, kuma ba laifi ba ne su haɗa kuɗi su gina inda za su samu hakan. Yawancin masallatan Ingila haka suka samu, daga ma'aikatan da suka je daga Pakistan da Bangladesh da Indiya bayan Yaƙin Duniya na Biyu, waɗanda suka sayi gidaje da tsofaffin gine-gine da gumin goshinsu suka mayar da su masallatai. Matsalar ta bayyana ne bayan tsara ɗaya ko biyu, lokacin da jikokinsu suka tashi da Turanci, Musulmi daga Somaliya da ƙasashen Larabawa da Afirka ta Yamma da sababbin shiga Musulunci suka cika sahu, amma kujerun kwamiti a wurare da dama suka ci gaba da zagayawa a cikin dangi ɗaya, abin da su da kansu suke kira biradari. A Faransa, inda aka buɗe Babban Masallacin Paris tun 1926, an kafa majalisar wakilcin Musulmi a 2003, amma jayayya tsakanin ƙungiyoyin da suke jingine da Aljeriya da Maroko da Turkiyya ta dabaibaye ta shekara da shekaru. Ban kawo waɗannan don in nuna wasu da yatsa ba, na kawo su ne domin su nuna cewa ciwon bai san launi ko nahiya ba, kuma alamarsa ɗaya ce ko'ina: jama'ar da take sallah a ciki ta sauya, waɗanda suke yanke shawara ba su sauya ba. Matashin da bai fahimci huɗuba ba, bai kuma ga mai kama da shi a cikin masu faɗa a ji ba, ba ya tsayawa jayayya. Ficewa yake yi a hankali ya koma neman addininsa a intanet, wurin duk wanda ya fara cin karo da shi.

Ga waɗanda aka ware kuma ina da magana, domin kada wasiƙar nan ta zama makami a hannun kowa. Abu mafi sauƙi idan aka ɓata wa mutum rai shi ne ya ja jama'arsa su gina nasu, kuma sau da yawa ba a cika shekara goma ba sabon masallacin ya zama na gida ɗaya ko ƙabila ɗaya kamar wanda aka baro. Ayoyi na 107 zuwa 110 a Suratut Tauba sun sauka ne a kan Masallacin Dirar, wato masallacin cutarwa, wanda wasu suka gina kusa da na Ƙuba a shekara ta 9 bayan Hijira, aka rushe shi bayan dawowa daga Tabuka, kuma cikin laifuffukan da aka lissafa musu akwai rarraba tsakanin muminai. Ina tsoron Allah a kan in kira masallacin wani Musulmi da wannan suna, domin waɗancan munafukai ne da wahayi ya tona, mu kuwa ba mu ga zuciyar kowa ba, kuma ina roƙon ɓangarorin da suke jifan juna da kalmar su daina. Amma ya isa abin tsoro a ce rarraba jama'a tana cikin jerin. Saboda kiyaye wannan ne malaman Malikiyya suka ƙi a sake yin jam'i a masallacin da yake da liman ratibi bayan ya idar, suka kuma ce asali Juma'a ta tsohon masallaci ce sai in akwai larura. A Harami na Makka an yi ƙarnuka ana sallah a bayan limamai na mazhabobi huɗu, kowa da wurin tsayuwarsa a gefen Ka'aba, sai a shekarun 1920 aka haɗa mutane a bayan liman ɗaya, kuma a yau da wuya a samu wanda yake fatan a koma wancan hali.

Yanzu bari in zo kan abin da aka fi jin nauyin faɗa, wato kuɗi. A mafi yawan rigingimun da na sani, ƙabilanci riga ce da aka sa wa zargi, zargin kuma daga asusu ya taso. Idan mutum ɗaya ne yake buɗe akwatin taimako, shi yake ƙirgawa, shi yake ajiyewa, ɗan'uwansa ne kuma yake karɓar aikin gyara, to ko da waliyyi ne sai an zarge shi, kuma duk wanda ya tambaya sai a ce ai don ba ɗan gida ba ne yake neman tayar da fitina. Ta haka tambayar lissafi take komawa faɗan asali. Ku ƙirga kuɗi mutum uku waɗanda ba gida ɗaya suka fito ba, a rubuta, a sa a asusun banki mai sunan masallaci wanda ba a cire komai daga ciki sai da sa hannun fiye da mutum ɗaya, a manna abin da ya shiga da abin da ya fita a jikin allo kowane wata. Ma'aji mai gaskiya shi ne farkon wanda wannan zai hutar, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Haka nan takardar fili: muddin tana ɗauke da sunan mutum ɗaya tana kuma cikin akwatinsa, to ranar da ya rasu za ta shiga cikin kayan gado ko da bai yi nufin haka ba, kuma kotuna sun sha ganin irin wannan shari'a. A mayar da ita sunan amintattu a matsayin waƙafi tun mai bayarwa yana raye yana iya sa hannu.

Wasu ƙasashe sun magance wani sashe na wannan ta hanyar hukuma. A Singafo majalisar addinin Musulunci da aka kafa a 1968 ita take naɗa kwamitocin masallatai na wa'adi, kuma tun 1975 ake gina sababbin masallatai daga asusun da ma'aikata Musulmi suke zuba wa wani abu daga albashinsu kowane wata, don haka babu gidan da zai ce shi ya gina. A Turkiyya limamai ma'aikatan hukumar addini ne da aka kafa tun 1924. Ban ce a kwafo waɗannan ba, domin shigar gwamnati cikin mumbari tana da nata haɗarin wanda ba ƙarami ba ne, kuma al'ummar da ta kasa sasanta kanta ita take jawo a zo a kulle mata masallaci da sunan kiyaye zaman lafiya. Abin ɗauka a ciki shi ne wa'adi da rubutu. Shugaban da ya san shekara uku ko huɗu zai yi ya sauka yana aiki ne da tunanin wanda zai duba littafinsa a bayansa, wanda kuwa ya san sai mutuwa yakan fara ganin kujerar kamar gadon kwanansa. Annabi ya gaya wa Abu Zarri, da ya nemi a ba shi muƙami, cewa amana ce, kuma ranar ƙiyama wulaƙanci ce da nadama sai ga wanda ya karɓe ta da haƙƙinta ya kuma sauke abin da ke kansa.

Akwai kuma waɗanda ba a taɓa tunawa da su idan ana rabon kujeru, alhali su ne suka fi kowa sanin masallacin: mai shara, mai ɗebo ruwa, malamin da yake karantar da yara tsakanin magariba da isha'i, da matan da suke sallah a bayan labule waɗanda ba a tambayar su ko lasifikar ɓangarensu tana aiki. Wata baƙar mace da take share masallacin Annabi ta rasu, sahabbai suka binne ta ba su sanar da shi ba, kamar sun ga al'amarinta bai kai a tashe shi ba. Da ya rasa ganinta ya tambaya, ya ce me ya sa ba ku gaya mini ba, ya sa aka nuna masa kabarinta ya je ya yi mata sallah. Ba a san ta da wani babban gida ba, amma shugaban masallacin ya lura da rashinta. Ina tambayar kowane shugaban kwamiti da zai karanta wannan, cikin ladabi, ko ya san sunayen mutum goma daga cikin masu sallah a bayansa waɗanda ba harshensa suke yi ba.

Roƙona gare ku, iyayena da malamaina, shi ne ku yi wannan aiki yanzu da ake zaman lafiya, liman yana raye da lafiyarsa, masu waƙafi suna nan, ba a kai ga ranar da zukata suka yi zafi ba. Ku kira taro a cikin masallacin, bayan sallar da ta fi tara jama'a, a sanar da shi mako biyu kafin ranar da duk harsunan da ake yi a sahu. A zaman, a rubuta yadda ake zaɓen kwamiti da tsawon wa'adinsa, da yawan kujerun da gida ɗaya ba zai wuce su ba, a ware wa iyalan masu waƙafi kujerar girmamawa da ba ta riƙe asusu, a kuma ambaci malaman waje da za su jarraba duk mai neman limanci ko na'ibci. Liman mai ci ya sa hannu, babban magajin mai waƙafi ya sa hannu, wakilan sauran jama'a su sa, a karanta takardar a bainar jama'a, a ajiye kwafinta a wurare uku daban-daban. Idan kuka kira wannan taro zan zo in zauna inda na saba zama, kuma in ana buƙatar mai shimfiɗa tabarmi kafin jama'a su taru, a sa sunana.

Wassalamu alaikum.

Naku a Musulunci,
Wani mamu daga sahun baya.